Bakina Suka Zo Nema, Habu

Zuwa ga ƙanena kuma abokin aikina, marigayi Farfesa Habu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci mai rai ya yi wa wanda ya riga shi, ina sanar da kai har yanzu ina Dubai, a ɗakin da 'yata Hauwa ta ware mini a Hor Al Anz. Ita ta fita aiki da safe, ni da sandata mu wuni. Ƙafafu sun ƙi, ido ma ya fara bin sahunsu.

Ranar Talata shugaban tsangayar likitanci ta jami'armu ya zo. Ba ka san shi ba, bayanka ya taso. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ajiye mini kilishi da zuma. Na ɗauka ni yake so in koma, har na fara shirya yadda zan ba shi haƙuri. Ashe bakina ya zo nema.

Ka tuna Asabe, ɗalibarka mai binciken ciwon sikila? Tana nan garin, ita ke riƙe da ɗakin bincike a wani asibiti. Sau uku mutanen jami'a suna rubuta mata ta dawo gida, tana ba su haƙuri. Yanzu sun tuna halinmu: wanda babba ya ce masa ya koma gida ba ya iya cewa a'a. In na buɗe baki, sunkuyar da kai za ta yi, ta je ta haɗa kaya.

Na tambayi shugaban batun wutar lantarki, ya ce ana ƙoƙari. Na tambaye shi firizar ajiye jini, ya dubi ƙasa. Amma ya gaya mini babu babba ko ɗaya da ya rage da zai duba aikin masu digiri na uku. Wasu har sun yi furfura suna jiran sa hannu.

Haka na yi maka, Habu. Kana zaune lafiya a ƙasar waje na rubuta maka cewa gida na kira, ka dawo don jin kunyata. Har yau ina ganinka tsaye gaban firizar nan da ta mutu a hutun sallah, jinin da ka yi shekaru kana tarawa ya lalace, kana fito da kwalabe ɗaya bayan ɗaya. Ba ka taɓa zargina ba. Iyakarka ka ce haka Allah ya so. Da ma ka zage ni, da na fi samun sauƙi.

To amma da ba ka dawo ba, wa zai koyar da Asabe? Nan lissafina yake tsayawa kullum, na gaji da juya shi.

Jiya ta zo gaishe ni. Na miƙa mata takardar gayyatarta da shugaban ya bar mini, na gaya mata labarin firizarka, na gaya mata na masu jiran sa hannu, ban rage komai ba. Ta tambaye ni wanne na fi so. Sai na juya fuskata bango, Habu, don kada ta karanta umarni a cikinta. Da ta tashi, da takardar ta tafi. Duk abin da ta yanke, nata ne. Kai ban ba ka wannan ba, ɗan'uwana. Ka yafe mini.

Allah ya haskaka kabarinka, ya zaɓa wa Asabe abin da ya fi alheri, ya sa in cika da imani.

Yayanka da ya gaji,
Garba