Akwatin Dama da Awakin Gidan Ranau

Zuwa ga Babban Manajan kamfanin da ke shigo mana da babur ɗin nan mai faɗin kujera, wanda mu a Funtua muke kira Kishingiɗe.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaisuwa, tare da fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya.

Sunana Isiyaku, an fi sanina da Isiyaku Mai Allura. Sana'ata allurar rigakafin dabbobi a ƙauyuka. Daga Funtua nake tashi, yau in nufi Mahuta, gobe in ɓulla ƙasar Malumfashi, wani lokaci har in leƙa Musawa ranar kasuwa. Ba ni da ofis, ba ni da shago, babur ɗinku shi ne komai nawa. Na fito da maganar nan bainar jama'a ne don na yi sintiri shagon wakilinku har ƙafata ta gaji, kullum amsar ɗaya ce, wai in yi haƙuri an aika sama. Ni dai ban san inda saman nan yake ba, shi ya sa na ce bari in ɗaga murya ko a can za a ji.

Na ɗaya. Na yi shekara da shekaru a kan tsohon samfurin Kishingiɗe, kuma ba zan ci amanarsa ba, ya yi mini aiki. A shagon wakilinku na sayi akwatunan gefe guda biyu, da garkuwar gaba mai gilashi, wadda ke tare wa mutum iska da ƙwari da tsakuwar da motocin auduga ke watsowa. Duk na kamfaninku ne, da tambarinku a jiki. Suka zauna daram, kowane noti ya faɗa raminsa ba gardama. Da babur ya tsufa ya fara maishe ni ɗan gidan bakanike, sai na sayar wa ƙanena, na kwance akwatunan da garkuwar na ajiye don sabo.

Na biyu. Kafin in ɗauki sabon samfuri na tambayi wakilinku ko kayan tsohon za su hau shi. Ba sau ɗaya na tambaya ba. Alhajin ya yi dariya, ya ce ai Kishingiɗe Kishingiɗe ne, fenti kawai aka sake. Ban ce ƙarya ya shirga mini da gangan ba, na fi zaton shi ma iyakar saninsa ke nan, don ba wanda ya gaya masa wani abu daban.

A nan ya kamata ranka ya daɗe ya san yadda muke sayen kayan babur. Ba mai zuwa shago da lambar samfuri ko shekarar ƙira. Sunan da 'yan acaɓa suka laƙaba wa babur shi ne sunansa har abada, ku kuma kun bar tambari iri ɗaya a tankin tsoho da na sabo. In abu ya ƙi shiga, ba ma cewa ba nasa ba ne. Sai mu ce ya ɗan yi gardama, mu gangara wajen mai walda ya lallashe shi. Haka wakilinku ya ce in yi, haka kuwa na yi.

Ashe ba fenti kaɗai kuka sake ba. Fitilar gaba ta ƙara girma. Kan babur ya ƙara faɗi. Ramukan noti na ƙarƙashin kujerar baya sun matsa baya, sun kuma yi ƙasa. Salansa, wadda a da take miƙe a kwance, yanzu ta ɗaga jela sama. Duk wannan ni na gano shi da kaina, ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne sai da na ji a jikina. Ba a rubuta ko ɗaya a jikin kwali ko a bangon shago ba.

Na uku, maganar garkuwa. Mai walda ya buɗa wajen fitila, ya lanƙwasa ƙarfen riƙo, ta zauna, in ka gani sai ka rantse a nan aka ƙera ta. Amma in na karya kan babur sosai, sai gefenta ya tokare hannun birkin gaba ya matse shi. Ban san haka ba sai ranar da shanu suka keto mini hanya a kusa da Mahuta. Na karya kai in kauce, birki ya kama kansa, na tsinci kaina a gonar dawar mutane. Gwiwa ce ta kuje, wando ya yage. Wannan na yafe muku shi duniya da lahira. Na cire garkuwar, tana rataye a zaurena.

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni yin shiru. Allurar rigakafi ba ta son zafi. A cikin kula nake ɗaukar ta, kwalabe a ƙasa, ƙanƙara a kansu, kular kuma a cikin akwatin gefe. In zafi ya taɓa ta, ba ta sake launi, ba ta wari, sai dai ta mutu a tsaye ta zama ruwa. Za ka yi wa dabba ita, kai kana ganin ka yi aiki, mai dabba ma yana ganin ya huta.

Wataƙila injiniyoyinku su tambaya don me ban sa kular a akwatin hagu ba, tunda salansa a dama take. To, mu haka aka rene mu. Abu mai tsabta na dama ne. Magani da abinci da tabarmar salla a dama suke zama, takalmin roba da igiya da sirinjin da aka gama da shi su ne na hagu. Ba ni kaɗai ba, ka tare duk mai akwati biyu a hanyar nan ka buɗe ka gani. A tsohon babur wannan bai taɓa zama matsala ba, don tsakanin gindin akwati da salansa hannu yana wucewa har da saura. A sabo, ramukan noti sun sauko da akwati, salansa ta hauro, suka haɗu a tsakiya, ko yatsa ba ya shiga. In kana tsaye a gefen babur ba za ka gani ba, akwatin ya rufe wurin. Na lura ƙanƙara tana saurin narkewa, amma bazara ce, kowa kukan zafi yake yi, sai na riƙa ƙara ƙanƙara. In na buɗe kula, sanyi ne ke dukan hannuna daga sama. Gindin kuwa, inda kwalaben suke kwance, a kan wuta yake.

Na biyar. A ƙasar Malumfashi akwai wani babban gidan Maguzawa da ake kira Gidan Ranau, gida ɗaya amma ya fi wata unguwar yawan mutane. Mai gidan shi ne Baba Ranau, Sarkin Noman yankin. A gidan nan akuya dukiyar mace ce. Da ita take wa 'yarta kayan ɗaki, da ita take zuwa asibiti, da ita take fita kunyar biki. Kusan kowace shekara kuwa ciwon nan na zawo da majina yana zuwa ya share musu garke.

Ba su yarda da allura ba a da, kuma suna da dalili, don an taɓa kai musu ruwan banza a kwalba da sunan magani. Na yi shekaru ina zuwa ina komawa hannu rabbana. In zauna gindin tsamiyarsu, mu yi hirar damina da farashin masara, in tashi. In za su ba ni abinci, sai su miƙo mini kaza da wuƙa in yanka da hannuna don in iya ci. A haka, sannu a hankali, wata tsohuwa a cikinsu, Inna Tambai, ta ce a gwada a kan nata. Shekarar nan ciwo ya zo ya wuce, nata ko tari ba su yi ba. Daga nan Baba Ranau ya tara matan gidan, ya ce ya ɗauki maganata a wuyansa, kowa ta kawo nata. Muka yi shekaru muna haka lafiya lau, da tsohon babur.

Bana na je da sabo. Na yi wa awakin gidan allura kaf, har da na maƙwabtansu da suka biyo sahu saboda maganar Baba Ranau. Da ciwon ya ɓullo a kasuwa, ba su killace dabbobinsu ba, ba su hana su cuɗanya ba, don a saninsu an yi musu rigakafi. Ba zan ƙirga maka gawa ba, ranka ya daɗe. Abin da zan ce shi ne, turken Inna Tambai, wadda ta fara ba ni amana, igiyoyi kawai suka rage a jikinsa. Wallahi ranar da na ga turken nan na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da na fara sana'a.

Na fara zargin allurar. Sai na samu abokin aikina Malam Bala na Musawa, wanda muka ɗauko kwali ɗaya a rana ɗaya daga firji ɗaya. Shi a kan kariyar bayan babur yake ɗaure kularsa, kuma duk inda ya yi allura dabbobi suna nan garau. Na dawo gida na zazzage akwatin dama, na ɗaga shimfiɗar robar da ke ƙasa. Gindin akwatin ya narke ya lotsa, ya ɗauki siffar salansa sak, gindin kular ma ya yi baƙi ya kumbura. Suna nan na ajiye su, duk wanda kuka aiko zai gani da idonsa.

Na sayi sabuwar kula, na ɗaure ta a kariya, na ɗauki lafiyayyar allura na koma Gidan Ranau don 'yan ƙananan da suka tsira da waɗanda aka sayo daga baya. An karɓe ni da mutunci. An shimfiɗa mini tabarma, an kawo ruwa, ba wanda ya ɗaga mini murya. Sai dai ban ga akuya ko ɗaya ba. Ashe tun da suka jiyo ƙarar babur daga bakin rafi, matan suka kora su bayan gida. Na fito da narkakken akwatin na nuna wa Baba Ranau, na yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurara har na gama, ya juya akwatin a hannunsa, ya ajiye. Ya ce ni nasu ne, in zo duk ranar da na so, in ci in sha, amma allura ta ƙare a gidan nan. Ya ce shi bai san kamfani ba, ni ya sani, kuma shi ma matan gidan shi suka sani. In da gaske ƙarfen nan yana da mai shi, to mai shi ya zo ya faɗa da bakinsa a gabansu.

Saboda haka ga buƙatuna.

Ku sa alama a jikin babur da jikin kowane akwati da garkuwa, wadda ko wanda bai yi boko ba zai gane na tsoho ne ko na sabo. Launi ma ya isa, ko zane. Ku kuma gaya wa wakilanku su daina cewa duk ɗaya ne, su daina tura mutane wajen mai walda da abin da ba nasa ba.

Ku kawo ƙarfen riƙo na musamman da zai ɗaga akwatin tsoho daga kan salansar sabo, da faranti mai tare zafi a tsakani. In ba zai yiwu ba, ku fito fili ku ce ba ya hawa. Ba ni kaɗai ke ɗaukar abin da zafi ke kashewa ba. Akwai masu kai allurar yara ƙauyuka a kan irin babur ɗin nan, kuma na tabbata su ma a dama suke sa kularsu. Waɗanda na sani na riga na bi su na gaya musu, amma ba kowa na sani ba.

Ta ƙarshe ita ce babba. Ba kuɗi nake nema ba, ba kuma sabon akwati ba. Ku aiko mutum ɗaya daga cikinku, mai jin Hausa, in ɗauke shi a bayan babur ɗinku in kai shi Gidan Ranau. Ya tsaya gaban Baba Ranau da Inna Tambai da sauran matan, ya ce musu ƙirar ƙarfe ce aka sake ba a sanar ba, allura ba ta da laifi. Maganar ba ta wuce haka ba. Ciwon nan ba ya saɓa alkawari, zai dawo, kuma abin da ya rage musu na awaki yanzu ba mai rigakafi a jikinsa ko ɗaya. In ya same su a haka, abin da ya tsira bana ba zai ga baɗi ba.

Da zan taho na ce wa Baba Ranau zan rubuto muku. Sai ya tambaye ni ko mutanen nan suna da ƙafa. Na ce masa suna da ita. To, ranka ya daɗe, na sake ɗaukar wata magana a wuyana a gidan nan, wannan karon taku ce.

Allah ya ƙara wa kamfaninku albarka, ya tsare masu hawa baburanku a duk inda suka nufa, ya ba ka ikon yin adalci. Allah ya sa kada ka taɓa isa ƙofar gidan da ya amince da kai ka tarar an ɓoye maka abin da ka zo ceto.

Wassalam.

Naka,
Isiyaku Mai Allura,
Funtua.