Yadda ƙwaya ta kai gwiwar Baba

Yaya Ladi,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikinki, yaya maigida da yara?

Albishirinki, kumburin gwiwar Baba ya sauka. Ashe ƙwayoyin da aka ba shi a Kafanchan daka su yake da man kaɗanya yana shafawa. Wai cikinsa lafiya lau, me zai kai magani can? Sai da malamar asibiti ta lallaɓa shi: "Baba, haɗiyewa ake. Ƙwaya ta narke a ciki, hanji ya tsotse, jini ya kai ta har gwiwa."

Ran Lahadi da ƙafarsa ya je sujada, ba sanda. Ki taya mu gode wa Allah, ki yi addu'a ya shanye sauran, kin san halinsa. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Rahila