Baba, Ga Yadda Na Sauke Jirgin da Baffa Sale Ya Hau

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baba.

Bayan gaisuwar ɗa ga mahaifinsa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ɗanka Habibu ne. Wata magana ce ta tsaya mini a wuya mako biyu ke nan, kuma kai nake son gaya wa, ko da wasu za su leƙa su karanta.

Ƙaninka Baffa Sale ya je Umara, kuma jirgin da nake tuƙawa ne ya ɗauko shi daga Jidda. Tun da ya dawo Wudil bai zauna ba. Majalisar bakin tasha, kasuwar Kara ranar Juma'a, har Utai ya je ta'aziyya ya ɓige da ba da labari. Wai ɗan Isa Direba ya kusa hallaka mutane. Wai na zo sauka na kasa, na koma sama ina lalube, da na dawo kuma na maka su da ƙasa kamar buhun masara. Wai shi ya san saukar gwanaye, ba ka ma sanin an taɓa ƙasa.

Baba, hawansa jirgi biyu a duniya, zuwa da dawowa. Mutumin da ya ari babur ɗinka ya afka da shi kwata da rana tsaka, shi ne yau malamin saukar jirgi.

Abin da ba ya faɗa musu shi ne, tun a Jidda ya tare ma'aikaciyar jirgi yana ɗaga murya, wai shi uban direba ne, a mayar da shi kujerun gaba. Ta leƙo ta tambaye ni. Na ce a gaishe shi da girmamawa, ya zauna inda tikitinsa ya nuna. Daga nan zunubina ya fara.

Ka tuna ranar da na dawo hutu daga makarantar tuƙin jirgi, muna zaune a zaure? Ba ka tambaye ni yadda ake tashi ba. Cewa ka yi, "Gaya mini yadda ake tsayar da shi." Shekara talatin kana jan tirelar shanu zuwa kudu, ka san nauyi. Ka ce mini, "Wanda ya ɗauko kaya mai rai ba ya tuƙi don a yaba masa." Ba ka ga ranar da na zama kyaftin ba, to bari in ba ka amsar tambayarka da abin da ya faru.

Bayan la'asar muka iso Kano, hadari ya haɗo, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Sauka tun daga nesa ake shirya ta. Kafin saura ƙafa dubu tsakaninka da ƙasa, dole tayoyi sun fito, fukafukai sun buɗe, gudu ya daidaita, jirgi ya miƙe saitin titin sauka. Duk mun yi. Muna gab da titi sai iska ta juya, gudunmu ya faɗi, jirgi ya fara nutsewa fiye da kima. Mataimakina ya ankarar da ni, ni ma na gani. Na ba injuna wuta muka koma sama. Wannan shi Baffa yake kira kasawa. A wurinmu darasin farko ke nan: in abu bai daidaita ba, kada ka tilasta shi. Masu jin kunyar komawa sama da yawansu ba su samu damar ba da labari ba.

Muka kewaya, hasumiyar filin jirgi ta ce iska ta lafa kaɗan amma titi jiƙe yake sharkaf. Na sake gangarowa, hancin jirgi a karkace yana fuskantar iskar da ke bugowa daga gefe. Na'ura ta fara ƙirga tazararmu da ƙasa, hamsin, arba'in, talatin. Na ɗan ɗaga hanci, na janye wuta, na taka feda na miƙar da shi, sannan na dasa tayoyin a ƙasa da gangan, daidai inda aka shata.

Da gangan, Baba. Kai ka san abin da taya ke yi a kan kwalta mai ruwa. In na lallaɓa shi don a tafa mini, sai ya yi ta shawagi yana cin titi, tayoyi su hau kan ruwa su yi ta sulɓi, birki ya zama ado. Dole taya ta huda ruwan ta kama kwalta, nauyi ya zauna a kanta, sannan birki ya ci, injuna su juya ƙarfinsu su riƙe jirgi. Mun tsaya da sauran titi a gabanmu. Mutum ɗari biyu da wani abu suka sauka, ko ƙwarzane babu. Shugaban matuƙanmu ya duba abin da na'urar jirgi ta naɗa, ya ce haka ake yi.

Duk wannan da ban tanka ba. Surutun bakin tasha bai taɓa tayar da jirgi ba balle ya sauke shi. Amma Baffa ya shiga gidanka, ya zauna a tabarmar Inna, ya ce mata in tana son ɗanta da rai ta raba shi da aikin nan. Matar da hawan jini ke damu. Ta kira ni tana kuka, ta ce in ajiye. Ka san ban taɓa tsallake maganarta ba. Da ta nace, wallahi da na ajiye.

Na zo gida ranar Asabar. Na zauna gabanta na yi mata bayani da faranti da tafin hannu, yadda na yi maka yanzu. Ta saurara har ƙarshe. Sai ga sallamar Baffa, ya zo jin yadda aka ƙare. Ya fara daga farko, har da buhun masarar. Inna ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Sale, da ƙafarka ka sauko daga jirgin nan ko ɗauko ka aka yi?" Ya ce da ƙafarsa. Ta ce, "To ka yi amfani da ita, ga ƙofa can." Ta juyo gare ni ta ce, "Koma bakin aikinka, Allah ya tsare."

Baba, na so ka ga fuskarta. Na yi kewarka a lokacin fiye da kullum, don na san dariyar da za ka ƙunshe a rawani.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya yafe maka kurakuranka. Allah ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana. Ya kai duk wanda na ɗauko gidansa lafiya, har da masu zagina.

Ɗanka mai yi maka addu'a kullum,
Habibu