Waƙoƙin Girbin Baba Ba Su Shiga Ba

Sabon Tasha, Kaduna

Zuwa ga Yaya Jethro,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya kai da iyali a Fatakwal. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi, ya saka maka da alheri kan jinyar da kake yi. Mu nan lafiya lau, maigidana Shekari yana ta aikinsa a Kudenda, yara kuma sun koma makaranta.

Yaya, tun ranar Laraba na kasa zama wuri ɗaya. Ka tuna da ka haɗa ni da Baba ta kiran bidiyo, ya rera mini waƙoƙin girbi na yarenmu saboda matasan da nake koyarwa a coci? Na yi amfani da wata manhaja a kwamfuta mai naɗar sauti yayin da mutum yake rubutu, ta yadda duk layin da ka taɓa daga baya, sai ta kai ka daidai inda aka faɗi maganar. Baba yana rerawa, ni ina rubuta farkon kowace waƙa da ma'anarta, har da wurin da ya yi dariya.

Ranar Laraba na tara matasan, na cika musu baki, na taɓa layin farko. Babu muryar Baba. Can sai ga muryata ina cewa to Baba, sai me kuma. Ashe saboda ƙarar injin niƙan maƙwabciyarmu Mama Nkiruka na sa iyafis a kunne, manhajar kuma na bar ta a kan sautin ɗaki, ban juya ta zuwa sautin cikin kwamfuta ba. Ni da injin niƙa kawai ta ɗauka. Rhoda, sarkin tsokanar ajin, ta ce ai injin ma yana da murya, a sa shi cikin mawaƙa. Na yi dariya tare da su.

Ka san halin Baba. Kamar mahaifinsa, ba ya rera waɗannan waƙoƙi sai dawa tana tsaye a gona. Da ta shiga rumbu ya rufe baki sai baɗi, kuma kai ne ka gaya mini yadda numfashinsa yake raguwa. Kalmomin suna hannuna, amma karin yana bakinsa shi kaɗai.

Na kira Kawu Sunday a ƙauye, ya ce har sun kusa gama yankan dawa. Na roƙe shi ya bar mana ko kunya ɗaya a tsaye. Ya ce tun da yake bai taɓa jin an hana girbi saboda kwamfuta ba, amma zai bar ta bakin rafi zuwa Lahadi, in tsuntsaye sun raga mana.

Don Allah, Yaya, ka gaya wa Baba gaskiyar abin da ya faru, ka ce masa dawarsa tana nan tsaye. In ya ji ƙarfi, ka zaunar da shi bayan sujada, ko waƙa biyu ce ta ishe ni. Na gyara manhajar, na gwada ta da Shekari har ya gaji da ni. In kuma jikin bai ba shi dama ba, kada ka matsa masa, ka kira ni dai in ji muryarsa.

Ka gaishe da Anti Chidinma, da Nathan da Ernest. Ka riƙe mini hannun Baba.

Ƙanwarka mai jiran Lahadi,
Damaris