Hantar Yaya Labbo

Alhamis, 27 ga Janairu, 2000

Ƙaura Namoda. Yau shari'a ta fara aiki, gari sai kabbara. Ni ma na samu labarin da na daɗe ina jira. Shugaban sashenmu na jami'a ya aiko cewa binciken da na buga, kan yadda hunhunar gyaɗa ke haɗa kai da ƙwayar cutar hanta su haifar da ciwon daji, likitocin ƙasashen waje suna ta kafa hujja da shi. Har an gayyace ni taro Ibadan. Da la'asar Tani, matar Yaya Labbo, ta aiko daga Katuru: cikinsa ya kumbura.

Asabar, 29 ga Janairu

Katuru. 'Yan kabu-kabu sun daina ɗaukar mata, sai da na jira mota a Shinkafi har azahar.

Idonsa ya yi ɗorawa. Na ɗora hannu ƙasan haƙarƙarinsa na dama, na ji hantar kamar dutse. Ban buƙaci wani gwaji ba. Yana cikin manoman da na ɗebi jininsu shekaru uku da suka wuce, na kuma gaya masa sakamakon tun lokacin. Dariya ya yi ran nan, ya ce ai ciwon shawara ce, kowa na da ita.

Shi ya hana a cire ni daga makaranta bayan rasuwar Baba.

Laraba, 2 ga Fabrairu

Na kai shi Sakkwato. Abin da hannuna ya ji, shi na'ura ta nuna.

Lahadi, 13 ga Fabrairu

Ya ce a mayar da shi gida, mun dawo. Yau ya ɗan sha kunu, ya ce in karanta masa abin da aka ce na rubuta har Turawa suka sani. Na dinga fassara masa: gyaɗar da aka adana da danshi, ƙwayar da yaro ke ɗauka tun yana goye. Ya saurara, ido a rufe. Da na kai wurin adadin mutane sai ya ce, "Ma'u, ina sunana ciki?"

Na ce ba a sa suna, lamba ake sawa.

"To, wace lamba ce ni?"

Na sani sarai. Na ce na manta. Ya ce ba komai, tunda dai ya yi amfani.

Talata, 29 ga Fabrairu

Yau ake buɗe taron Ibadan. Wani zai karanta takardata. Ni kuwa na zuƙe masa ruwan ciki don ya samu numfashi. Iyakar abin da karatuna ya iya ke nan.

Juma'a, 10 ga Maris

Yaya ya rasu da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Lahadi, 12 ga Maris

Sadakar uku. Masu gaisuwa sai Dakta, Dakta, kamar zagi nake jin sa. Wata tsohuwa ta ce ashe gidan likita ma ana mutuwa. Ba da mugunta ta faɗa ba.

Na ce a raina na gama da wannan aiki. Mutanen da suka ba ni jininsu ko layi ɗaya ba za su karanta ba.

Asabar, 18 ga Maris

Layya ta wuce mana shiru. Ina haɗa kaya Tani ta shigo da takabarta, ta turo Abbati da Zulaihat gabana. Ta ce Yaya ya bar mata wasiyya: a duba jinin ɗiyansa, kuma kada a sake dafa gyaɗar da ta yi baƙi a gidan nan. Ashe ya faɗa wa abokansa ma a ƙofar masallaci, tun yana iya fita. Na leƙa tsakar gida, mata sun cika shi, kowace da yaranta. Wasu tun daga Badarawa, a ƙafa.

Na ce musu ban zo da kayan aiki ba. Ba wadda ta tashi.

Na aika Sakkwato a kawo akwatin sanyi da allurai. Na wannan makon kawai. Zulaihat ta ce ita za a fara yi wa, ba ta tsoro, ta naɗe hannun riga tun yanzu.