Ragon Ranar Dangi

Yaya Iliya,

Gaisuwa mai yawa, irin wadda ƙane yake yi wa wansa. Na saba in bi ta da tambayar gajiya da iyali da sanyin Lyon, to yau wanne zan tambaya? Shekara uku ke nan kana kwance a maƙabarta, na kuma san takardar nan ba za ta same ka ba ko da na manna mata tambur goma. Ina rubutawa ne don maganar ta yi mini nauyi a ciki, kuma kai kaɗai ne mai ita.

Matarka Saratu tana nan lafiya, sai ciwon gwiwa. Har yanzu tana hawa na bakwai a benen nan na unguwar Rillieux, ta ƙi komawa ƙasa, wai a nan ka bar ta. Ƙanwarmu Hadiza ta aurar da autarta a Maraɗi. Ni kuma ina nan Stains a gefen Paris, furfura ta gama cinye mini kai. Amma babban labari shi ne 'yarka Rahila ta tayar da taronka. Ita da sa'o'inta suka koma gonar nan ta arewacin Lyon cikin Agusta, suka kafa tantuna, suka yi kwana biyar suna addu'a da waƙa kamar yadda ka saba yi. Ta aiko mini da gayyata ta waya, na kuwa je. Da na san abin da zan tarar, da ban tabbata zan je ba.

Kai ka fara taron nan da gida shida na Kiristocin Hausa, mutanen Maraɗi da Damagaram da 'yan Najeriya biyu, waɗanda suka gaji da yin sujada da Faransanci duk shekara. Na sha yi maka tsiya a kansa. Na ce mutum ya baro bukka a ƙauye, ya sha wahala ya samu gidan bene mai ruwan zafi, sannan ya ɗauki hutunsa guda ya je ya kwana a kan ciyawa sauro na cinsa? Ka yi dariya ka ce ai Annabi Ibrahim namu ne mu duka, kuma a tanti ya ƙare rayuwarsa. Ka ce wanda ya kwana biyar a tanti yakan tuna shi baƙo ne, ba a Faransa kaɗai ba, kuma baƙo ba ya riƙe ɗan'uwansa baƙo a zuciya. Ban taɓa gaya maka maganar ta shige ni ba, don kada kanka ya kumbura.

Ranar ƙarshe kuwa ka sa mata suna ranar dangi. Ka ce a gida Kirista ba ya yanka ragon Kirsimeti da hannunsa, maƙwabcinsa Musulmi yake kira, don kowa ya sa hannu a akushi ba tare da shakka ba. Saboda haka kowace shekara ni nake tasowa daga Paris da wuƙata da mota biyu cike da 'yan'uwa Musulmi, na Stains da na Belleville. In yi bisimilla in yanka a bayan rumbun tsohon manomin mai gonar, shi kuma ya juya baya ya ce bai ga kome ba, tunda dokar ƙasar ta hana yanka sai a mayanka. Shekara goma sha uku ina yi. Ita ce rana guda a shekara da mu da ku muke zama a tabarma ɗaya, ba wanda yake leƙa tukunyar wani.

Kuma ba alfarma nake yi maka ba, Yaya. Tun ranar da ka zama Kirista Baba ya rantse ba za ka sake taka zaurensa ba, ya kuma cika rantsuwarsa har ya rasu. Duk da haka da na zo karatu, kai ka tarye ni a filin jirgi da rigar sanyi a hannu. Shekara biyu ina kwana a falonka. Kai kake tashina sallar asuba in na makara, Saratu kuma ta ware mini tukunya ba tare da na roƙa ba. Wane rago ne zai biya wannan?

To ga abin da ban faɗa maka ba. Shekarar da ban zo ba, motata ba ta lalace ba.

A lokacin an sa ni cikin masu kula da masallacinmu na unguwa, ina jin daɗin yadda ake ce mini Malam Lawali ana matsa mini wuri. Wata Juma'a bayan salla wani ya ce, cikin wasa wai, a ba mahaucin coci hanya. Aka yi dariya. Ba wanda ya kore ni, ba wanda ya yi mini fatawa, dariya ce kawai, amma ta bi ni har gida. Sai na gaya wa 'yan'uwa cewa bana ba ranar dangi, an ɗage. Ran Lahadi da sassafe zuciyata ta ƙi ba ni lafiya, na sa wuƙa a mota na kama hanya ni kaɗai. Awa biyar ina tuƙi. Na iso har bakin gonar, na tsaya ƙarƙashin itatuwan nan na gefen hanya, ina jin waƙarku. Na hango matasa sun ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoto, na tuna kafin in koma Paris hotona da rago zai riga ni isa. Sai na juya. Na yi tafiyar rabin awa, na tsaya na kira ka na ce mota ta mutu mini tun wajen Auxerre. Ka ce Allah ya kiyaye gaba, in kula da kaina.

Daga baya Saratu ta ba ni labarin yadda ranar ta ƙare. Akwai dattawan ikilisiya da tun farko ba sa son ranar dangi, suna cewa taron ibada ne, ba biki ba, kai kuma kullum amsarka ita ce ƙanenka bai taɓa saɓa maka ba. Ranar suka ce a ba ɗayansu wuƙa, yara na jin yunwa. Ka hana. Ka ce ragon dangi ne, in dangi ba su zo ba a mayar wa manomi kayansa. Aka ci shinkafa da miya gaya. Shekarar da ta biyo aka soke ranar dangi, wadda ta biyo bayanta gida huɗu suka janye, daga nan taron ya mutu. Kowa ya ce taurin kanka ne ya kashe shi. Ina ji ana faɗa, har a gabana, na yi shiru.

Yanzu bari in gaya maka abin da na gani bana. Sun fi ku yawa nesa ba kusa ba. Tantunan sababbi ne, akwai kujeru da lasifika, ana haska baitocin waƙa a jikin farin ƙyalle. Rabin waƙoƙin da Faransanci ne, Hausar yaran kuwa sai ka toshe kunne, amma da zuciya ɗaya suke yi. Farkawa suke kiran abin. Ba zan yi maka ƙarya ba, tunda yau na daina: na ga manya suna kuka, na ga mutum biyu da suka shekara ba sa gaisawa sun rungume juna a gaban jama'a. Na ga Saratu ta rufe ido tana waƙa, karo na farko tun jana'izarka. Abinka ya rayu, Yaya, kuma ya rayu sarai ba tare da ni ba. Ya kamata in yi murna. Haushi na ji.

A bakin ƙofa wata yarinya ta nemi sunana a takarda, ta rataya mini kati a wuya mai cewa ni baƙo ne. Da lokacin abinci ya yi aka gasa naman da ba na ci, ni kuma aka kawo mini burodi da kifin gwangwani a leda, an rubuta sunana a jiki don kada a yi kuskure. Ladabi ne, na sani, sun yi tunanina. Amma a filin da na yi shekara goma sha uku ina raba tsoka da hanta, ina korar yara daga bakin wuta, na zauna ni kaɗai da ledata a cinya.

Sai wa'azin rufewa. Sun gayyato wani matashin fasto daga Paris wanda bai taɓa ganin fuskarka ba. Ya iya magana, ba laifi. Ya ɗauki rayuwarka ya yi darasi da ita. Ya ce ga bawan Allah da ubansa ya kore shi, danginsa kaf suka juya masa baya, har wanda ya fi yarda da shi ya bar shi a ranar da ya fi bukatarsa, amma bai yi gunaguni ba. Jama'a suna ta amin. Na so in miƙe in ce ƙarya ne, in tambaye shi ina yake sa'ad da nake tuƙa awa biyar kowace shekara, wa ya kwana a asibiti da kai, wa ya ɗauki Rahila a kafaɗa ranar da aka raɗa mata suna. Har na dafa kujera. Sai na tambayi kaina wace kalma ce ƙarya a cikin maganarsa ta ƙarshe, na koma na zauna.

Bayan an tashi na sami Rahila tana naɗe tabarmi. A da Baba Lawali take ce mini, yanzu na koma Tonton, kawun Faransanci, kamar kowane tsoho a jirgin metro. Na ce mata faston bai yi mini adalci ba, kuma ban san wa ya ba shi labarin ba. Ta ce ita ce. Sai bakina ya kama tsohuwar hanyarsa, na fara ba ta labarin mota. Ba ta bari na kai ƙarshe ba.

"Tonton, bari. Motarka ba ta yi pan ba, lafiyarta lau. Ni ce a bakin ƙofa ranar, na gan ka."

Ashe kai ka aike ta ta tsaya ta buɗe mini ƙofa, tana 'yar shekara goma sha huɗu. Ta ga motata ta tsaya, ta sheƙa da gudu ta gaya maka na iso. Ka taso da murna, ka kawo rabin fili, ka ga bayan motar tana komawa. Ta ce ka daɗe a tsaye. Sannan ka riƙe hannunta ka ce kada ta gaya wa kowa, ko uwarta, kuma duk abin da na faɗa daga baya shi ne ya faru. Tana tsaye kusa da kai wayarka ta yi ƙara, ta ji da kunnenta kana ce mini Allah ya kiyaye gaba.

Yaya, me ya sa? Shekara takwas ka yi a duniya bayan wannan. Ka zo gidana, na je gidanka, mun ci tuwo kwano ɗaya. Kusan duk waya sai ka tambaye ni ko motar ta daina ba ni wahala, ni kuma in ce da sauƙi. Tsiya kake yi mini, ko ƙofa kake buɗe mini in shigo in faɗi gaskiya? Me ya hana ka zage ni? Kai ne babba, da ka kira ni matsoraci, ka ɗaga hannu ma in ka so, da na yi kuka na roƙe ka, da an wuce wurin. Ka bar mutane suna cewa kai ka kashe taronka. Ka ɗora wa yarinya sirrin da ya fi ƙarfinta. Ka yafe mini a ɓoye, ka tafi da yafiyar, ka bar ni ina ta lallaɓa ƙaryar da ba ta taɓa rufe kome ba. Wallahi ina jin haushinka, kuma na san ba ni da bakin jin haushi.

Na ce wa Rahila baɗi in Allah ya kai mu zan kawo rago, zan taho da duk wanda ya yarda ya biyo ni, kowa ya ɗauki hoton da ya ga dama. Ta ci gaba da naɗe tabarmarta har ta gama. Ba ta ɗaga murya ba, irin taka ce sak.

"Baba ya yafe maka tun ranar, ya gaya mini. Ni ban kai can ba tukuna, Tonton. Shi ya sa nake zuwa taron nan, ko zan iya."

Na mayar wa yarinyar bakin ƙofa katinta, na kama hanyar Paris. Na sake kiran Rahila sau biyu tun daga nan. Tana ɗauka, tana gaishe ni da ladabi, tana tambayar iyali, maganar rago kuma ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Zan jira. In kwana biyar a tanti kowace shekara ne zai kai ta, to ina roƙon Allah ya raya taronka, ya kuma ba ni tsawon ran da zan ga ranar.

A jana'izarka na tsaya can bayan coci ina motsa baki, ban san addu'ar da ya halatta in yi maka ba, ban kuma tambayi kowa ba don ina tsoron amsar. Har yau ban sani ba. Na bar ka a hannun Wanda ya halicce mu daga ciki ɗaya, ya fi ni sanin abin da ka yi mini. Ka huta lafiya, Yaya.

Ƙanenka da ya iso har bakin ƙofa,
Lawali