Shaidar da Na Roƙi Wendell

Macon, 4 ga Maris, 1996

Aminina Wendell,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Odessa da yara. Yaya bariki?

Ni dai jiki ya ƙi. Shekara biyar da dawowarmu daga yaƙin Kuwait, kullum gaɓoɓina kamar an yi mini dukan tsiya. Makon jiya ina tuƙi, hanyar gidana ta ɓace mini. An sallame ni daga aikin gini. Sau tara ana ɗibar jinina ba a ga komai ba. Likitan ƙarshe ce mini ya yi, "Saje, wataƙila damuwa ce kawai." Matata Charlene ma ta fara yi mini kallon rago.

Ran 28 zan je gaban kwamitin diyya na tsofaffin sojoji. Tunda ciwon ba shi da suna, kuma takarduna na asibitin sansani sun ɓace, sai wani ya shaida cewa garau nake kafin mu shaƙi hayaƙin rijiyoyin man nan da aka ƙona. Wata bakwai muna tanti ɗaya da kai. Ko layi biyar ka rubuta musu ya isa.

Naka,
Lamont

19 ga Maris

Wendell,

Ina gaisuwa. Yaya jikin? Ashe tambayar da ya kamata in fara yi maka ke nan.

Har na zage ka a raina saboda shirunka, sai ga wasiƙarka, rubutun duk a karkace. Wato shekara biyu kana ɓoye rawar hannu, saura wata goma sha takwas ka kai fansho, kuma in ka sa baki likitocin soja za su juyo kanka su tantance lafiyarka, su sallame ka kafin ka kai.

Aboki na gari cewa zai yi ka bari. Na ɗauki biro in rubuta haka, na kasa. Saura kwana tara, ba ni da kowa sai kai. Kunya nake ji, amma ban janye ba.

Lamont

10 ga Mayu

Odessa,

Ina gaishe ki da yara. Na san dalilin da ba kya ɗaukar wayata.

Ya kamata ki ji yadda aka yi. An kira sunana ke nan mijinki ya shigo cikin kaki. Shugaban kwamitin ya tambaye shi ta yaya ya tabbata ba ƙarya nake ba. Wendell ya ce, "Ranka ya daɗe, duba nan." Ya miƙe hannayensa biyu a kan tebur, suna karkarwa. Charlene ta rufe fuska tana kuka.

Jiya takarda ta zo, sun amince da diyyata. Jiyan kuma na ji an kira shi gaban likitocin soja.

Ban sani ba ko godiya zan yi miki ko gafara zan nema. Ni na roƙe shi, ina sane da abin da zai rasa. Ki yi fushin da ni, kada ki yi da shi.

Ku huta lafiya.

Lamont Pruitt